Yayana da Ƙaramin Dogonsa

Kwana uku aka yi ana zaman makokin Yaya a gidansa na Runjin Sambo, kuma a cikin kwana ukun nan ban taɓa zama a tabarma har ta ɗumama ba. In na zauna sai in tashi in gyara butoci, in leƙa waje, in dawo, in sake fita. Har liman ya gaji ya kama bakin rigata ya ce, "Zamna mana, bawan Allah. Kai aka yi wa gaisuwa, ba butoci ba."

Mutane sun zo fiye da yadda na yi zato. Maƙeran unguwarmu ta Ƙofar Marke sun zo, don sana'ar mahaifinmu ce. Abokan cinikina na fata sun zo. Akwai kuma waɗanda ban san su ba, sai su yi addu'a, su shafa, maimakon su tafi sai ka ga suna ɗaga wuya ta saman zana suna leƙen filin da ke bayan gidan. Matar Yaya ta aiko daga ciki cewa duk mai son gani ya gani, amma kada wanda ya taɓa, kada kuma wanda ya ɗana ɗan jirgin ƙasan da Yaya ya ƙera.

A rana ta biyu wani tsoho ya sauka daga motar Ƙaura Namoda, da 'yar jakarsa ta fata. Ya ce ya yi aikin diga na hanyar jirgi a ƙarƙashin Yaya shekara tara. Da ya gama gaisuwa ya roƙi a kai shi baya. Na kai shi. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kwantar da kuncinsa har ƙasa, ya rufe ido ɗaya yana duban miƙewar 'yan ƙarafuna biyu na hanyar jirgin. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, gemunsa duk ƙasa, hawaye na bin ta.

Ya ce, "Heluma na, wallahi. Ko cikin dubu na san hannunai."

Muna komowa zaure na ji wani daga cikin 'yan fata yana raɗa wa na kusa da shi, "Allah shi jiƙan shi, mutumin kirki na. Sai dai ya ƙare kwanansa wurin wasan yara."

Na tsaya cik. Maganar ba tasa ba ce. Tawa ce. Ni na fara faɗinta, a gaban mutane, kuma ta yi yawo a gari shekara biyar har ta dawo ta ishe ni a zaman makokin wanda na faɗa wa ita. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so abin da zai rage na Yaya a bakin Sakkwatawa ya zama maganar da ƙanensa ya yi cikin fushi.

Shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta, tsakaninmu shekara goma sha uku. Ban san shi sosai ina yaro ba, don tun yana saurayi ya ajiye gudumar maƙera ya bi masu neman aiki zuwa Zariya. Can ya shiga aikin hanyar jirgi, ba babbar hanyar da kowa ya sani ba, wata 'yar siririya ce da ke tashi daga Zariya ta hau duwatsu har Jos. Tsakanin ƙarfenta da ƙarfe ƙafa biyu da rabi ne kawai. Ya fara da lebura, ya ƙare da heluma, wato shugaban masu gyaran hanya. Shekara ashirin da wani abu yana can, sai ƙarfen dogo ya suɓuce wa mutanensa ya faɗa masa a ƙafar hagu. Ya dawo gida yana ɗingishi, da matarsa, da akwati ɗaya.

Ɗingishin bai hana shi komai ba. Ban taɓa ganin mutumin da zama ke yi wa ciwo kamar Yaya ba. A tsaye yake shan fura. In ana hira a zaure, shi yana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. An ba shi rumfa a kasuwa yana gyaran fitilu da butocin ƙarfe, amma in ka kai masa aiki sai ka bi sawu, ko yana tashar mota yana tambayar direbobi labarin Gusau, ko ya gangara gulbi. Matarsa takan ce, "Ni dai ban amri mutum ba, iska na amra." Shi kuma ya ce, "Zama na nan tahe, mai tsawo. Ku bar ni in yi yawona."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne jirgi bai zo Sakkwato ba. Ya zo Gusau, ya wuce zuwa Ƙaura, ya tsaya. Ni da nake sana'ar fatar jar akuya na san wannan a jikina, don sai mun loda kaya a mota an yi doguwar tafiya kafin su ga tarago. Amma ni abin ciniki ne ya dame ni. Shi kuwa kamar an zagi mahaifinsa ne. Yakan ce, "Gari kamar wanga, a ce yaro shi girma shi tsuhwa bai taɓa jin ƙasa ta motsa ƙarƙashinai ba!"

Shekara uku kafin mulkin kai, wani direba ya kawo labarin cewa an rufe 'yar siririyar hanyar, ana ma ciccire ƙarafunanta. Yaya bai ci abinci ba ranar. Ya zagaya bayan gidanmu ya fi sau hamsin, hannu a baya. Fili ne babba da muka gada, ba komai cikinsa sai dalbejiya ɗaya da tsohon rumbu. Washegari da hantsi na ishe shi ya kafa turaku ya ja zare.

Na ce, "Yaya, gini za ka yi?"

Ya ce, "Hanya za ni yi."

"Zuwa ina?"

"Daga rumbu zuwa dalbejiya. In Allah ya yarda ta zagayo."

Na yi dariya na wuce kasuwa. Na ɗauka abin kwana biyu ne.

Bari in faɗi yadda ya yi ta, don na gani da idona, ko da yake a lokacin kallon raini nake yi. Ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga da shi, siriri mai faɗi, shi ya riƙa tsintowa a tasha. Ya miƙar da shi a kan uwar maƙera, ya goge bakinsa da magagari har in ka ja yatsa ba za ka ji ƙaiƙayi ba. Wannan shi ne dogo. 'Yan katakon da ake jerawa a ƙarƙashi kuwa, ya fara yanka su daga akwatin sabulu, kowanne tsawon ɗan yatsa da rabi. Gara ta cinye su cikin wata guda. Ya tone duka, ya koma itacen ƙirya, wanda sai zarto ya yi kuka kafin ya shige shi, ya jiƙa su cikin baƙin man da direbobi ke zubarwa. Kowane ɗan katako ya tsaga shi wuri biyu, ya kafa ƙarfen a tsaye cikin tsagar, ya danne da ƙusoshi biyu biyu. Ƙusoshin ma shi ya ƙera su daga waya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, sai da hantsaki yake ɗaukarsu.

Yana da wani ɗan guntun tagulla mai tsaga biyu, shi ne ma'auninsa. Faɗin hanyar yatsa biyu ne, ba ƙari ba ragi, kuma ba ya buga ƙusa ɗaya sai ya aza ma'aunin nan. Wani maƙeri ya ba shi shawara ya faɗaɗa ta don aikin ya yi sauƙi. Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Babba kowa ya iya. Ƙarama ita ka lanƙwasa inda babba ba ta iyawa. Ni ƙarama na sani."

Tsakuwar da ake zubawa tsakanin katakai daga gulbi ya riƙa ɗaukowa a buhu, yana ɗingishi. Ya tace ta da rariyar matarsa. Ranar da ta gano, duk unguwa ta ji.

"Malam! Rariyata ta tuwo kaka tace duwatsu da ita?"

"Aro na yi."

"Aro? Dibi yadda ta koma! Ko ɗan akuya na iya hita ta nan!"

Kafin la'asar ya ƙera mata sabuwa da gwangwani da waya, ta fi tsohuwar kyau. Bayan kwana huɗu ita ma ta ɓace daga madafa.

Bazarar farko ta koya masa abin da ya riga ya sani ya manta. Wata rana da azahar, zafin nan namu mai narka kwalta, ya fito ya tarar da hanyar ta karkace kamar maciji ya bi rairayi. Ƙarfe ya sha rana ya miƙe, bai sami wurin zuwa ba. Na zaci zai yi baƙin ciki. Sai na ji shi yana dariya shi kaɗai, yana dukan cinya. "Heluma guda! Na hana ƙarhe wurin miƙe ƙahwa!" Ya cire aikin wata uku, ya sake shimfiɗawa, a kowace mahaɗa ya bar 'yar tazara daidai kaurin farce.

Abin da ya fi ba mutane mamaki, shekara ɗaya da rabi yana wannan aiki babu jirgi. Hanya kawai. Maƙwabta su leƙo su ce, "To, ina jirgin?" Ya ce, "Ku Sakkwatawa, baƙo kuka hwara kira ko shimhiɗa kuka hwara yi?" Sai da hanya ta zagayo dalbejiya ta komo rumbu, sannan ya yanka garwar kananzir ya ƙera kan jirgi da tarago uku. Ya sami wani mataccen garmaho ya ciro ƙarfen cikinsa mai naɗewa, ya sa a cikin kan jirgin. In aka ɗana shi da makulli, yakan zagaya sau biyu da rabi kafin ya tsaya.

Wanda ya fara ɗana wa jirgin ba yaran unguwa ba ne, Inna ce.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar ɗan fari. Ko magana za ta yi masa, sai ta juya ga wani ta ce, "A gaya wa wancan abinci ya huce." Ba ta taɓa wuce Wurno ba a rayuwarta, kuma a lokacin idanunta sun rufe, sai haske da duhu take rarrabewa. Duk shekarun da Yaya ya yi a Zariya, in aka ambaci jirgi a gabanta sai ta tofar da yawu.

Da safe ne, bayan an karya. Yaya ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce wa matarsa, "A gaya wa Inna ina roƙon ta taka zuwa baya." Ta ƙi sau biyu. A na uku ta tashi, muka riƙe ta. Ya shimfiɗa mata buzu a gindin dalbejiya, ya ɗauki hannunta, abin da ban taɓa gani ba, ya aza ɗan yatsanta a kan ƙarfen. Ya tafi can wajen rumbu ya ɗana jirgin ya saki.

Tun jirgin na nesa na ga fuskarta ta sake. Ƙarfen na rawa a ƙarƙashin yatsanta. Ya matso, ya matso, Yaya ya ɗaga hannunta a daidai lokacin, taragun suka wuce suna ƙas-ƙas-ƙas a kan mahaɗai, ta bi su da kunne har suka zagaya.

Sannan ta juya, ba wajena ba, ba wajen matarsa ba, wajensa.

Ta ce, "Wanga abu na yaɗ ɗauke min kai shekara ashirin?"

Ya ce, "Shi na, Inna. Amma wancan babba na, ya hi ɗakin ga tsawo."

Ta ce, "To, ka kyauta da ka maishe shi ƙarami. Sake shi in ji."

Sau shida ya ɗana mata shi. Matar Yaya ta koma bayan rumbu tana share ido da bakin zane.

Yanzu sai in zo ga nawa laifin, don ba zan rubuta alherin mutum in ɓoye abin da na yi masa ba.

A daminar da ta gabaci ta mulkin kai, cinikin fata ya buɗe mini. Masu saye sun fi son fatar da aka shanya a inuwa, a miƙe cikin katako, ba wadda aka baza a ƙasa rana ta ƙone ba. Ina bukatar doguwar rumfa, kuma ba inda zan kafa ta sai filin bayan gidanmu, wanda rabinsa nawa ne a gado. Na yi wa Yaya magana. Ya ce in dakata ya gama gyaran kwana. Na dakata. Ya gama kwana ya ce gada zai sa a kan magudanar ruwa. Ya gama gada ya ce wancan gefen ya zauna, sai an ɗaga. Na gane wannan aiki ba shi da ranar ƙarewa, domin mai shi ba ya son ya ƙare. Duk inda ya gama sai ya sami dalilin tonewa.

Sai ya ce zai je Gusau kwana biyar. Yana so ya yi mararraba, inda hanya ɗaya ke rabuwa biyu jirgi ya zaɓi wadda zai bi, kuma yana son ya sake duba ta gaske da idonsa kafin ya fara. Ya hau mota ran Lahadi. Ran Litinin na kira leburori uku. Na ce su cire daga gada zuwa dalbejiya, su tara a gefe. Ba su san kan abin ba, suka sa diga suka ɓamɓaro shi kamar masu cire rogo. Kafin Alhamis rumfata ta tsaya.

Inna ta ji ƙarar digar daga ɗaki. Ta aiko a kira ni. Ta ce, "Auta, mi aka yi baya?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka shawarce shi?" Na ce ai rabona ne. Ta juya fuska bango.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya ya iso, da takarda a hannu cike da zane-zanen mararraba. Abokan cinikina huɗu suna nan muna duba fatu. Ya tsaya a bakin fili. Ya dubi rumfa, ya dubi tarin ƙarafunan da aka watsar a jikin katanga. Ya je ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya ɗauki wani.

Da ya yi zagi, da na ji sauƙi. Cewa ya yi, a hankali, "Auta, in cirewa za ka yi, ai sai ka jira in nuna maka. Ba haka aka cire hanya ba. Ƙusa aka hwara zarewa."

Kunya ta kama ni a gaban baƙi, kunyar ta juye fushi. Na ɗaga murya ga wanda bai taɓa ɗaga mini ba. Na ce, "Yaya, mu muna neman abin da gida za shi ci, kai kana nan da hurhura kana wasan yara! Har yaushe?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi 'yar dariya. Yaya ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ninke takardarsa ya sa aljihu. Bai dube ni ba.

Kwana uku ya yi yana zare sauran ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwani. A na huɗu ya ɗauko amalanke. Dangin matarsa suna da gona a Runjin Sambo, lokacin wurin gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, can ya kafa ɗaki biyu da zana. Ya shiga ya yi wa Inna sallama. Da amalanken ya fita, Inna ta ce a gaya wa Auta, ta bakin matata, kamar yadda take yi wa ɗan fari, "Jirgi ya raba ni da shi sau ɗaya, hwata ta raba ni da shi na biyu." Daga ranar ta daina yi mini magana kai tsaye.

Wata goma sha huɗu ba mu yi magana da Yaya ba. Kowace Juma'a yakan zo gaida Inna, ni kuwa in san yadda na yi ina kasuwa. Rumfata ta yi albarka, ba zan yi ƙarya ba, amma ban taɓa shiga cikinta na ji daɗi ba. Tsakuwar gulbin nan tana nan a ƙasa, tana shiga mini takalmi.

Ana cikin haka maganar mulkin kai ta cika gari. Kowa da abin da yake jira. Wasu na cewa za a sauke haraji, wasu na cewa za a kawo famfo kowace unguwa. Aka kuma riƙa raɗe-raɗin cewa da zarar Turawa sun tafi za a jawo dogo daga Gusau har Sakkwato. Direbobi suka riƙa ba ni labari suna dariya, wai suna gamuwa da Yaya can nesa a hanyar Gusau, shi kaɗai, yana ɗingishi a gefen daji yana neman turakun masu awo. Duk turken da ya gani sai ya tsaya ya duba, ko da na ɗaure jaki ne.

Ranar mulkin kai, bayan an watse daga filin taro, na ga mutane na kwarara wajen Runjin Sambo. Aka ce mai jirgi zai saki jirginsa, kuma ya yi sabon abu. Na ce wa kaina ba zan je ba. Ƙafata ta kai ni. Ina sanye da sabuwar farar riga da na ɗinka don ranar, na laɓe a bayan mutane.

Hanyar ta ninka ta da tsawo. Ga gada biyu, ga 'yar tasha ta gwangwani, ga mararrabar da ya je Gusau dominta, da ɗan hannu na tagulla da ake turawa. Ya ɗaura wa kan jirgin ƙyallen kore da fari. Ya ɗana, ya saki. Jirgi ya zagaya sau ɗaya, mutane suka yi kabbara, mata na guɗa ta cikin zana. A zagaye na biyu ya tura ɗan hannun don jirgin ya shiga sabuwar hanya. Kan jirgin ya shiga, tarago na farko ya bi, na biyu ya hau bakin ƙarfe ya kife, ya jawo sauran duka cikin tsakuwa.

Wuri ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "To, ga mulkin kai ya hwaɗi tun ba a je ko'ina ba!" Aka ƙara fashewa.

Yaya ko a jikinsa. Ya riga ya durƙusa, kunci a ƙasa. Harshen mararrabar ne ya ɗan buɗe, yana bukatar a danne shi a buga ƙusa, aikin hannu uku ne. Ya ɗago yana duban taron. Ga maƙera a wurin, ga surukansa, kowa zai so a kira shi. Idonsa ya tsallake su duka ya sauka kaina, can baya inda na zaci ba a ganina.

Ya ce, "Auta. Zo riƙe min nan."

Aka buɗa mini hanya. Na durƙusa da farar rigata cikin baƙin mai da tsakuwa. Ya kama babban yatsana ya aza inda yake so, ya ce, "Danna. Kak ka motsa." Yatsan ya ɗan goce. Ya ce, "Na ce kak ka motsa." Ya aza ma'auni, ya buga ƙusa biyu. Ya mai da taragun bisa hanya, ya miƙo mini makulli ya ce in ɗana. Jirgi ya shige mararraba sumul.

Shi ke nan sulhunmu. Bai ambaci rumfa ba, ban ambata ba. Rigar ba ta wanku ba har yau. Na riƙa zuwa Runjin Sambo duk mako, muna hira kamar ba abin da ya faru, Inna ta koma kiran sunana har Allah ya karɓi abarsa bayan shekara biyu. Amma kalmar nan ta neman gafara ban faɗe ta ba. Sau da yawa nakan shirya ta tun daga gida, in na isa sai in tarar yana tsugune yana fama da wata kwana, ya ce miƙo min hantsaki, maganar ta wuce. Dogo kuma bai zo ba. Tun yana fita neman turaku har ya daina, bai kuma taɓa cewa komai a kai ba.

A daminar bana ciwon ƙirji ya kama shi. Ko a kwance bai natsu ba, a juya shi nan, a mai da shi can, a fito da shi inuwa, a mai da shi ɗaki. Wata safiya na je dubiya ya kama hannuna ya ce, "Yaushe motarka ta hwata za ta Gusau?" Na ce jibi. Ya ce, "Da ni." Matarsa ta ce ba inda za shi. Ya ce, "Ko ki bar ni in tahi da mota, ko in tahi da ƙahwa." Ta san shi. Ta ɗaure masa fura a ƙwarya.

Na sa shi gaba kusa da direba, na riƙe shi duk hanya, ba nauyi kamar ɗaurin kara. Mun isa da la'asar sakaliya. Bai yarda mu shiga tasha ba, ya ce a wuce da shi gaba kaɗan inda wasu leburori ke cusa tsakuwa a ƙarƙashin katakai. Na zaunar da shi a kan wani tarin katako. Ya zuba musu ido, yana gyaɗa kai daidai da faɗuwar digarsu. Ya kira helumansu, saurayi ne, ya ce masa, "Ɗana, aikinka ya yi kyau. Amma wancan na ukun daga mahaɗa, ƙarƙashinai rami na." Saurayin ya je ya buga, ya ji amon wofi, ya dawo ya durƙusa ya gaishe shi da kyau.

Sai ƙasa ta fara motsi. Jirgin kaya ne daga Ƙaura. Leburori suka ja gefe. Na dubi Yaya, bakinsa a buɗe kamar mai shan iska, na san in ban faɗa yau ba, ba zan ƙara samun rana ba. Na sunkuya na ce, "Yaya, ka gahwarta min." A daidai lokacin kan jirgin ya iso ya yi kururuwa, taragu suka biyo baya suna ta wucewa ba iyaka.

Da ƙarar ta lafa ya juyo. "Mi kac ce?"

Leburori takwas na tsaye kusa da mu, sun dogara da digoginsu. Na durƙusa a gabansa, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, kamar yadda na faɗi waccan a gaban mutane. Na ce, "Na ce ka yahe min, Yaya. Hanyarka da na cire, da maganar da na hwaɗa maka."

Ya ce, "Kai, Auta. Da wanga kaya kaka yawo duk shekarun ga?" Ya aza tafinsa a kaina, kamar ina ɗan shekara biyar. "Aje shi nan. Na yahe, duniya da lahira. Ni ma ka yahe min, na cinye maka hili da taurin kai."

Ya ɗan bubbuga kafaɗata, ya fara laluben sandarsa.

Ya ce, "To, tashi mu tahi. Mun zamna da yawa."

Kwana tara bayan mun dawo ya cika, ran Talata da hantsi, kansa a cinyar matarsa.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da Inna a inda ba rabuwa. Ya Ubangiji, bawanka ne da bai taɓa samun wurin zama a duniya ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutu. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya.